Ƙurar da Ta Sa Suruka Ihu

Suruka ta ƙwala ihu daidai lokacin da Donme ta ɗaga ƙafa za ta wuce. Jar fitila ta hau walƙiya, ƙarfen ƙofa ya ce ƙaras ya kulle, ma'aikatan da suka yi layi a bayanta, kowa da jakarsa a kafaɗa yana ɗokin gida, suka bushe da dariya.

"Yau ma?" in ji Rediyo, ƙawarta da suke aiki a tebur ɗaya. "Ke dai tsohuwar nan ta sa miki ido. Ko ɗanta kika aura ba ki gaya mana ba?"

"Rufe mini baki," in ji Donme, amma muryar ba ta fita da ƙarfi ba.

Suruka ba mutum ba ce. Na'urar awo ce mai siffar ɗan lungu, an girke ta a bakin ɗakin canja kaya na masana'antar. Aikin masana'antar kuwa shi ne yin makamashin tashoshin wutar nukiliya: a kawo garin yuraniyam baƙi ƙirin, a matse shi ya zama ƴan ƙwayoyi kamar kan ɗan yatsa, a gasa su a tanderu, a jera su cikin dogayen bututai sirara, a liƙe. Duk wanda ya tashi daga aiki sai ya tuɓe kayan aiki, ya wanke hannu da fuska, ya mayar da kayansa na gida, sannan ya shiga lungun nan ya tsaya, hannuwansa a cikin ramukan bango. In Suruka ba ta ji komai ba, ta buɗe masa hanya. In kuwa ta sansano ƙurar yuraniyam a jikinsa, sai duniya ta ji. Dalilin sunan ke nan: ba abin da ke wuce ta, kuma ba ta iya magana a hankali ba.

Tun da Donme ta fara aiki a teburin duba ƙwayoyi, Suruka ko tari ba ta taɓa yi mata ba, sai makon nan. Farko ɗankwalinta aka karɓe, sabo fil, aka ƙulle a leda. Washegari takalmanta, ta koma gida da silifas ɗin masana'anta masu girman kwalekwale. Yau kuma ga shi.

Baba Mai Awo ya iso yana jan ƙafa, tsoho siriri, tabarau a ƙarshen hanci. Shi ke auna duk wanda Suruka ta kama. Ya zaro ƴar na'urarsa mai kama da tocila ya bi hannuwanta da ita. Shiru. Ya bi fuska da wuya. Shiru. Yana kai ta kafaɗar mayafi sai ta fara ƙyas-ƙyas-ƙyas, kamar yayyafi a kan kwano.

"Hannu fes, fuska fes, mayafi kuwa yana rera waƙa," in ji shi. "Ƴata, abin nan naki akwai ban sha'awa."

"Ban sha'awa ko ban tsoro, Baba?"

"Wane tsoro? Ɗan abin nan ko kyankyaso ba zai sa wa ciwon kai ba. Sai dai nan ba wurin zamansa ba ne." Ya manna salatif a kafaɗar mayafin, ya ɗaga, ya sa a kwalba. "Kawo mayafin. Kuma Yallaɓai na nemanki a ofis."

Yallaɓai shi ne shugaban sashensu. A bayan idonsa Doka-Ta-Ce ake kiransa, don da wuya ya buɗe baki bai fara da kalmomin nan ba. Ba mugu ba ne, ba ya kuma son kai, amma da a ce doka za ta hana shi atishawa, da ya haɗiye ta.

Donme ta san abin da zai faɗa tun kafin ta ƙwanƙwasa ƙofa. Maganar Sabon Sashe ce.

Asalin abin kuwa daga bakin Baba Mai Awo ya samo. Wata rana a kantin cin abincin ma'aikata, ta tsare shi da tambayoyinta na "don me" da suka jawo mata laƙabin Donme, har shayinsa ya huce.

"Yuraniyam ƴan'uwa biyu ne a gida ɗaya," ya ce mata a ranar. "Ƙanin mai zafin kai ne, da an taɓa shi ya fashe ya ba da zafi. Shi ke tafasa ruwa a tukunyar nukiliya, tururi ya juya inji, ki sami wuta a gidanki. Wan kuwa mai nauyin jiki ne, ya fi ƙanin yawa nesa ba kusa ba, amma ba ya motsi. Namu na nan, sai an ƙara masa yawan mai zafin kan kafin a kawo mana."

"To shi wan, zaman banza yake yi a tukunyar?"

"Ina! In ƙaninsa ya fashe, tartsatsi kan faɗa masa, ya haɗiye, a hankali ya rikiɗe ya zama wani ƙarfe daban. Shi ne fulutoniyam. Ba a zuwa haƙo shi a rami, a cikin tukunya ake haifarsa. Kuma shi ma ci yake kamar ƙanin."

"Wato toka ce ta koma itace?"

"Kin kusa."

Tun daga ranar abin ya tsaya mata a rai. Ƙarfen da ake haifa! Da aka ce masana'anta za ta buɗe Sabon Sashe, inda za a riƙa gauraya fulutoniyam ɗin da aka tsamo daga tsohon makamashi da yuraniyam mai nauyin jiki a sake yin ƙwayoyi, ita ce ta fara ɗaga hannu. A can ba a taɓa komai kai tsaye. Aikin duk a cikin rufaffun akwatunan gilashi yake, masu dogayen safunan hannu a maƙale, mutum ya zura hannuwansa daga waje. An zaɓe ta, ta yi wata da watanni tana koyo da akwati wayam. Mako mai zuwa za a buɗe.

"Doka ta ce," in ji Yallaɓai, ko zama bai ce ta yi ba, "wanda bai iya raba garin yuraniyam da mayafinsa ba, ba zai kusanci fulutoniyam ba. Wancan ba ya yafiya. Ƙurarsa in ta shiga huhu, ta zauna ke nan."

"Yallaɓai, wallahi ina wanke hannu kafin in taɓa lokar da nake ajiye kayan gida."

"Ban ce ba kya wankewa ba. Na ce na'ura na ihu. Zuwa ƙarshen mako, ko a gano inda ƙurar nan ke fitowa, ko in ba wani gurbinki."

Da yamma ta sauka daga bas, ba mayafi, sai tawul ɗin masana'anta a kafaɗa. A ƙofar gida maƙwabciyarsu mai jego ta tare ta.

"Maman yara, don Allah ki roƙar mana maigidanki. Injin nan nasa ya hana jaririna barcin rana."

"Wane inji kuma?"

Kafin matar ta amsa sai ga mijin Donme ya ɓullo wuf, ya rufe ta da gaisuwa, ya jariri, ya ƙwarin jiki, ya ja matarsa ciki ya tura ƙofa. Sana'arsa ɗora tayil ce. Mutumin da kullum yake dawowa da siminti har cikin kunne, yau ya yi wanka ya sheƙa turare.

"Aiki ya yi ƙasa makon nan, shi ne nake ɗan wasa kayan aikina," ya ce da sauri. "Sannu da zuwa, Injiniya. Ga shayi na dafa. Shanyarki ma na kwashe na ninke."

"Kai ne da ninke kaya? Lafiya kuwa, Abban yara?"

"Laifi ne mutum ya kyautata wa matarsa?"

Da a wata rana ce, da sai ta bi maganar har gindinta. Da ta tambayi dalilin da ya sa tsakar gida ke jiƙe sharkaf kullum ta dawo, da inda makullin ɗakin baya ya shiga tun ranar da aka kai yara hutu wajen kakarsu. Amma yau kanta a cike yake. Ta zauna ta zayyana masa abin da ke faruwa.

"Ku da yuraniyam ɗinku," ya ce yana girgiza kai. "Tun yaushe nake cewa ki yi hankali kada ki kwaso mana abin nan gida? Ni dai ƙurar sana'ata ba ta ihu."

Washegari Donme ta ɗaura ɗamarar yaƙi. Tana shiga ɗakin canja kaya ta tuɓe kayan gida, ta zuba su a sabuwar leda, ta ƙulle bakin tamau, ta kira Rediyo ta zama shaida. Da aka tashi ta wanke hannu har fatar ta yi fari, ta goge lokar ciki da waje, sannan ta kwance ledar. Ta shiga lungun tana addu'a.

Suruka ta kece da ihu.

Wannan karon ba wanda ya yi dariya, har Rediyo.

A ofis ta tarar da Baba Mai Awo a zaune, ya ajiye kwalbar jiya a kan tebur. Fuskar Yallaɓai kamar hadari.

"Sakamako ya fito," in ji Baba. "Yuraniyam ne, ba shakka. Amma mai zafin kan nan kaɗan ne a ciki. Ba irin na teburinki ba ne."

Donme ta yi caraf ta ce, "Alhamdu lillahi! To ai ka gani, Yallaɓai."

"Na gani," in ji shi. "Wuri ɗaya ne a masana'antar nan ake ajiye irin wannan yuraniyam ɗin. Ma'ajiyar Sabon Sashe, wadda ba a ba ki izinin shiga ba tukuna."

Allura ta tono garma.

"Kowa ya san ki da leƙe-leƙe," ya ci gaba. "Ko ba ke na kama kwanaki kin manna hanci a gilashin ƙofar ba?"

"Kallo kawai na yi!"

"Haka kika ce a lokacin. Gobe da safe zan sanar da wanda zai maye gurbinki."

Tana fitowa Baba ya ja hannun rigarta. "Zo ki ga wani abu." Ya kai ta ɗakin gwaji, ya sa salatif ɗin a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Ta sunkuya ta kanga ido. Duk da zuciyarta na tafasa, sai da ta ce, "Kai!" Ƴan tsakuwoyi ne masu kaifi, launin ɓawon lemo, suna ƙyalli kamar fasasshen gilashi.

"Namu baƙi ne," in ji Baba. "Na Sabon Sashe ma baƙi ne. Wannan kuwa ya yi kwalliya kamar zai tafi biki. Na gaya wa Yallaɓai, ya ce doka ba ta san launi ba."

"To mene ne shi?"

"Da na sani, da ban bar shayina ya huce ba."

Suka dawo ɗakin canja kaya, kowa ya watse, sai mai shara can nesa. Donme ta zauna a benci tana hararar Suruka. Ta sake bin ranar daki-daki. Kayan nan a ƙulle suka wuni. Hannun da ya kwance ledar, Baba da kansa ya auna shi fes. In ƙura ba ta shiga ledar da rana ba, kuma ba ta shiga da yamma ba, to yaushe?

Idonta ya sauka a kan ƙaramar ƙofar gefe, wadda kowa ke shigowa ta cikinta da safe yana hamma. Babu na'ura a wurin. Ko ƙararrawa babu.

"Baba, don me ake auna mu in za mu fita kawai?"

"Wace irin tambaya ce wannan? Ai a nan abin yake. Mu muke tsare duniya daga abin da ke ciki. Gida kuwa ai..." Ya tsaya. Ya tura tabaransa sama. Ya dubi ƙofar gefe, ya dubi Suruka, ya sake duban ƙofar gefe. "Shekara da shekaru ina wurin nan," ya ce a hankali, "ban taɓa auna mutum da safe ba. Ko sau ɗaya."

Suka cim ma Yallaɓai yana kulle ofis.

"Doka ba ta ce a auna mai shigowa ba," in ji shi.

"Ta hana, Yallaɓai?"

Ya tsaya da makulli a hannu. Ana ganin leɓensa na motsi, yana bin dokokin a kansa ɗaya bayan ɗaya kamar mai jan carbi. "Ba ta hana ba," ya ce daga ƙarshe, kamar wanda aka cire wa haƙori.

Da safe labari ya riga ta isa, aikin Rediyo ne. Ɗakin canja kaya ya cika maƙil, har direbobi da masu dafa shayin kantin. Donme ta shigo kai tsaye daga bas, hannuwanta a sama kamar wadda aka kama, ba ta taɓa loka ba, ba ta taɓa kowa ba. Ta zagaya ta shiga lungun, ta zura hannuwa a ramuka. A duk tarihin masana'antar ba a taɓa samun wanda ya tsaya a wurin nan yana roƙon Allah ya sa Suruka ta yi masa ihu ba, sai ita.

Tsit. Wani ya yi gyaran murya a baya.

Sai jar fitila ta kama, ihu ya cika ɗakin.

Rediyo ta rangaɗa guɗa. Donme ta fito kamar ta rungumi na'urar.

"Ikon Allah," in ji Baba Mai Awo, bakinsa har kunne. "Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa."

"Ku dakata," in ji Yallaɓai, ya ɗaga hannu. "Wannan ya nuna ba yau ta ɗauka a nan ba. Bai nuna ba ta kai shi gida jiya ko shekaranjiya ba. In ma haka ne, abin ya fi muni."

Murnar ta koma ciki. Gaskiya ya faɗa, kowa ya sani.

"To mu je gidan, Yallaɓai," in ji Donme. "Yanzu. Gani ya kori ji."

Motar masana'anta suka shiga su uku, Yallaɓai na tuƙi a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, Baba a gaba da na'urarsa a cinya. Suna karya kwanar layinsu Donme ta ji ƙarar, wani irin kuka mai tsinin gaske, kamar ana yanka ƙarfe. Maƙwabciya na tsaye a ƙofarta tana jijjiga jariri. Ganin Donme sai ta nuna katangar gidan da haɓa, alamar kin ji da kunnenki.

Daga bayan katangar ƙura ke tashi, launin ɓawon lemo.

Donme ta tura ƙofa. Abin da ta fara gani shi ne igiyar shanya, zannuwanta da ta wanke da asuba suna lilo a cikin hayaƙin ƙura. Sannan ta ga mijinta a tsugune a tsakar gida, tsumma a ɗaure a hanci, injin yankan tayil a hannu, daga gashin kai har yatsun ƙafa kamar an birkiɗa shi a jar ƙasa. Ɗakin baya, wanda makullinsa ya ɓata, a buɗe yake hanhai.

Ya kashe injin. Ya dubi matarsa, ya dubi baƙin maza biyu masu rigar masana'anta.

"Injiniya," ya ce, "ai ba yanzu kike dawowa ba."

Ta wuce shi ta leƙa ɗakin. An kwashe tarkacen da ke ciki kaf. An gina kanta, an ja famfo, an buɗe taga. Bango ɗaya da rabi sun sha tayil mai launin faɗuwar rana, sumul, yana ɗaukar ido. Ashe kicin ne, wanda ta yi shekaru tana mita a kai, tana girki a lungu rabin jikinta a waje.

"So na yi ki gan shi a gama," ya ce daga bayanta, murya a sanyaye. "Wani tsohon otal ake rushewa, na tarar za su zubar da su. Ɗaya bayan ɗaya na ɓamɓaro su. Ki duba launin nan. Wallahi yanzu ba a yin irinsa, ko nawa za ki biya."

"Akwai dalili," in ji Baba Mai Awo.

Tun daga ƙofa na'urarsa ke ƙyas-ƙyas. A igiyar shanya ta ƙara sauri. Da ya kanga ta a tulin tayil ɗin da ke jingine da bango, sai ƙarar ta haɗe ta zama ɗaya, kamar ruwan sama ya kece. Tsohon ya durƙusa, gwiwoyinsa suka yi ƙara, ya ɗauki guda yana juya shi a rana kamar yaron da aka ba sabon abin wasa.

"Na karanta a littafi, ban taɓa riƙewa a hannu ba. Malam, tun kafin a san yuraniyam na ba da wuta, masu yin tangaran sun san yana ba da launi. Shi suke zubawa a ruwan ƙyallin da ake shafa wa kwanuka da tayil kafin a gasa. Wannan jan da ya tafi da hankalinka, shi ne."

"Shi ne me?"

"Yuraniyam, Abban yara," in ji Donme.

Injin ya suɓuce daga hannunsa. Ya ja da baya har ya zauna a bakin bokiti. "Inna lillahi. Na kashe iyalina?"

"Ba ka kashe kowa ba," in ji Baba. "Tayil in yana zaune lafiyarsa a bango, abin da yake fitarwa bai taka kara ya karya ba. Yanka shi a bushe ne ɓarnar, kana shaƙa, kana baɗa wa shanya. Daga yau ka ajiye injin nan. Za ka biyo mu asibitin ma'aikata a gwada ka, ita ma haka. Zan turo mutanena su wanke gidan nan, su kwashe ƙura da ɓaraguzai. Yara su ƙara kwana wajen kakarsu."

Maigidan ya kwance tsumman hancinsa, ya dubi hannuwansa. "Ni da nake ta kashedi kada ta kwaso mana shi gida. Ashe ni zan turo shi a baro."

"Ƙurar sana'arka ba ta ihu, ko?" in ji Donme. Ta so ta haɗe rai, dariya ta ƙwace mata, hawaye ya biyo baya. Ta sa gefen zani za ta share, Baba ya daka mata tsawa, "Kul! Ba da wannan zanin ba."

Sai Yallaɓai ya matso. Ya karɓi na'urar daga hannun Baba, ya auna tayil da kansa. Ya auna igiya. Ya auna tsintsiya. Ya zaro ɗan salatif ya ɗebi ƙura daga bakin injin, ya ɗaga a rana ya daɗe yana kallon ƙyallinta.

"Doka ba ta ce komai ba a kan tayil," ya ce.

"Gurbina fa, Yallaɓai?"

"In gwaji ya nuna ƙurar nan da ta mayafinki ɗaya ce, ki zo da wuri ranar buɗewa." Ya juya zai fita, ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin baya, ya ƙara leƙawa. "Malam, layinka ya miƙe. Aiki ya yi kyau."

Gwaji ya nuna ɗaya ce. Tayil ɗin dai sai da aka ɓamɓare su duka, don Donme ta ce ba ta iya yanka albasa bango na mata ƙyas-ƙyas a zuciya. Maigidan ya maye su da farare, yana ɗorawa yana ƙunƙuni, wai kicin ya koma kamar ɗakin allura. A masana'anta kuwa aka toshe ƙofar gefe, kowa sai ya gaida Suruka safe da yamma. Rediyo ta yi kwanaki tana shelar cewa tambayar Donme ce ta jawo musu layi biyu a rana.

Ranar buɗe Sabon Sashe, Donme ta tsaya gaban akwatinta na gilashi, cikin fararen kaya. Yallaɓai na gefenta, Baba Mai Awo a baya da na'urarsa. Ta zura hannuwa cikin dogayen safunan har kafaɗa. Daga ɗan ramin da ke gefe, gwangwanin fulutoniyam na farko ya gangaro cikin akwatin, rufaffe, ba ado, ba ƙyalli. In a titi ta gan shi, ko waiwaye ba za ta yi ba.

Ta kama shi da hannu biyu. Sai idanunta suka buɗe. Ta cikin kaurin safa take jin sa, ɗumi, kamar ƙwan da kaza ta tashi a kai yanzu. Babu wuta a kusa, babu waya, babu komai.

"Baba, don me yake da..."

"Doka ta ce," in ji Yallaɓai, "ba a magana in hannu na cikin akwati."

Ta ja bakinta ta tsuke. Ta ajiye gwangwanin a mazauninsa a hankali, daidai yadda ta koya. A bayanta Baba Mai Awo ya dubi agogon bango ya yi ajiyar zuciya. Ya san yau ma a kantin shayinsa zai huce.